Rediyo mai sola da na saya wurin wani Alhaji a kasuwar Gadarif, ga yadda na same ta

Tun tuni wasu 'yan'uwa suke tambayata wai 'yar rediyon nan da nake yawo da ita cikin jakar kayan aiki tana da ƙarko ko kuwa irin kayan nan ne na kwana uku ka yar, kuma a ina na samo ta. Toh yau Allah ya sa na samu caji da sabis lokaci ɗaya, wanda ba kullum su biyun suke haɗuwa ba a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, shi ne nace bari in zauna in rubuta komai, mai kyau da mara kyau, don wanda zai saya ya san abin da zai saya. Zan ɗan ja magana ku yi haƙuri, domin ba zan iya zancen rediyon nan ba sai na taɓo halin da na saye ta a ciki.

Ni mutumin wajen Malumfashi ne, Kirista, a ECWA na tashi a nan aka yi min baftisma, sana'ata gyaran firji da iyakwandishan. Neman abinci ya kawo ni Khartoum shekaru kafin yaƙi, na samu ɗan shago, daga baya na ɗauko maman yara muka zauna a unguwar Haj Yusuf. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 da aka fara ɓarin wuta tsakanin sojojin Sudan da mayaƙan rundunar RSF ina cikin masu cewa sati biyu an gama. Da gwamnatin Najeriya ta fara kwashe mutane, wasu ta iyakar Masar wasu ta Port Sudan, ban bi ba, na farko cikin maman yara ya tsufa an riga an hana ta doguwar tafiya, na biyu kuma wanda shi ne gaskiyar da ban cika faɗa ba, na kasa rabuwa da shagona da kayan aikina. Bayan ta sauka lafiya muka gudu Madani, muka ɗan fara numfashi, sai a Disamba saura kamar mako guda Kirsimeti Madani ma ta faɗi, muka sake kwasar yara a bayan babbar mota muka zagaya ta Sinnar har Gadarif. A wani shinge a hanya masu bindiga suka karɓe wayata. Ta maman yara ce ta tsira saboda ta cusa ta cikin zanin goyo. Littafi Mai Tsarki nawa na Hausa kuwa, wanda babana ya ba ni ranar da zan baro gida, tun a Khartoum na bar shi kan wani firji da ban gama gyarawa ba.

A Gadarif Hausawa ne suka karɓe mu. Wanda bai taɓa zuwa Sudan ba ba zai gane yawan Hausawan da ke nan ba, a Gadarif, a Kasala, a Damazin, a Mai Wurno kusa da Sinnar, jikokin waɗanda suka taso aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Musulmi ne kusan dukkansu, sun san ni Kirista ne tun ranar farko ban ɓoye ba, amma wani dattijo ya ba mu ɗakin ciyawa irin wanda suke kira gutiyya a bayan gidansa, matansa suka riƙa aiko mana da kisra, wato gurasarsu ta dawa, da miya har muka samu ƙafa. Wannan ba zan manta ba har in mutu.

Farkon Fabrairu 2024 sabis ya ɗauke gaba ɗaya a ƙasar, ba kira ba intanet, kuɗin mutane ma da ke cikin manhajar banki ta Bankak ba halin taɓawa, kowa sai jita-jita, yau ace mayaƙan RSF suna garin Fau gobe ace sun kusa shigowa. A lokacin ne na shiga kasuwa neman rediyo don ko labarai in riƙa ji. Aka nuna min shagon wani Alhaji a layin masu kayan wuta, ɗan ƙaramin shago ne, tocila da caja da batir da fitilun sola a rataye har rufi, shi kuma yana zaune a kan benci da carbi da ƙaramin kofin jabana, wato gahawarsu, a gefe. Hausarsa irin ta da ce mai nauyi, yana haɗawa da Larabci, yace kakansa daga ƙasar Haɗeja ya taso. Ya fito min da kala uku, bai tura ni ga mai tsadar ba, yace ɗana ɗauki wannan ta tsakiyan, batirinta ana cirewa, idan ya mutu ka sa wani, waccan babbar kuwa in batirinta ya mutu ta mutu kenan. Kuɗin da na biya ya kai na aikin kwana huɗu a lokacin, farashi kuma a nan kowane sati sabo ne saboda faɗuwar kuɗin ƙasar, don haka ku tambaya da kanku.

Yanzu ita rediyon. Girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba, baƙa ce da ja a gefe, tana da ɗan faranti na sola a baya da ake ɗagawa, tocila a gefe ɗaya, eriya, wurin sa memori da wurin sa filas, da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9 a gaba da ɗan gilashi mai nuna lamba da jan wuta. Tana kama FM da AM da gajeren zango. FM ɗin garau yake. Gajeren zango sai da asuba ko da dare nake samun tashoshin Hausa na waje, shi ma da shuuu a ciki sai ka riƙe eriya da hannu ka ɗan juya. Sifikarta tana da ƙarfi fiye da girmanta, mutum goma a tsakar gida za su ji ba wahala, amma in ka ƙure murya sai ta fara rawa. Solar kuma gaskiya kada wanda ya yaudare ku, farantin ƙarami ne, wuni guda a rana yana ba ni kamar awa uku na sauraro da matsakaiciyar murya, in kuma ka kunna tocila tare to rabin haka. Akwai ramin da aka ce wai ana cajin waya da shi, na gwada, zai ɗan ɗaga maka waya ka yi kira ɗaya shi kenan, kada ka dogara da shi. Kuma a matsayina na mai gyara ina ba da shawara, in za ka shanya ta a rana ka rufe jikinta da tsumma ka bar farantin kaɗai a waje, ranar Gadarif a watan Afrilu da Mayu tana iya kumbura batir, nawa na farko haka ya yi, na koma wurin Alhaji na sayi wani.

Abu ɗaya da yake damuna da ita har yau, duk lokacin da ka kunna ta sai wata muryar mace ta yi magana da Turanci da ƙarfi tana faɗin yanayin da take ciki, ba ta jin ragewa, sau da yawa ta tayar mana da jaririya da asuba. Yanzu sai in danne sifikar da filo kafin in kunna.

Da sabis ya dawo, ƙanena da ke Kaduna ya riƙa turo mana Littafi Mai Tsarki na Hausa na sauraro ta WhatsApp a wayar maman yara, kashi-kashi, ya ɗauke mu kusan sati uku saboda sabis ɗin yana zuwa yana tafiya. Sura 1189 ne duka, 929 na Tsohon Alkawari 260 na Sabon Alkawari, kowace sura fayil ɗinta daban. Akwai majami'u a Gadarif, muna zuwa sujada, 'yan'uwa daga Dutsen Nuba da Habashawa da 'yan Sudan ta Kudu sun riƙe mu da kyau, amma da Larabci ake yi ko harsunansu, ni kuma Larabcina na kasuwa ne, zan iya cinikin kwamfireso da shi amma addu'a ba ta sauka min a zuciya sai da Hausa. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, da shi kakana ya koyi karatun boko, da shi aka rene mu, toh wata goma ban ji an karanta min aya ɗaya da harshena ba. Na sayi memori mai gig 8, na kai wani yaro mai kwamfuta ya juye min su, na dawo gida da murna na tara iyali na kunna.

Sai ta fara da Farawa sura 1, daga nan ta yi tsalle zuwa Littafin Firistoci, daga nan Markus, daga nan Nahum. Na danna lamba ta kai ni wani wuri daban. Na cire memori na mayar, haka. Na kashe na kunna, haka.

Nan ne abin da nake so in faɗa ya fara. Ni mutum ne mai zafin rai, tun ina yaro an san ni da shi, babata takan ce zuciyata a hannun riga take, amma a Khartoum da yake akwai kuɗi akwai aiki akwai fanka ina dawowa gida in tarar da abinci, sai nake ganin kamar na warke, har ina yi wa matasa wa'azin haƙuri a majami'a. Tun da muka baro Madani kuwa abin ya dawo ya ninka, abu kaɗan in daka wa maman yara tsawa, ɗana babba mai shekara bakwai har ya koyi fita daga ɗaki in ya ji takuna. Ranar nan na ɗauki rediyon da rana tsaka na tafi kasuwa ina huci, na ajiye ta da ƙarfi kan teburin Alhaji a gaban mutane nace Alhaji ka ga ni baƙo ne ɗan gudun hijira shi ne ka sayar min da mushe, ku ba ku tsoron Allah ne. Na faɗi maganganu da ba zan maimaita a nan ba. Mutumin nan ya girmi babana. Masu shagunan kusa suka taso, wani saurayi har ya fara naɗe hannun riga, Alhaji ya ɗaga masa hannu kawai, ya dube ni yace ma'alesh ɗana, wato yi haƙuri, zauna, rana ta yi zafi, ya sa aka miƙo min ruwa daga randa. Ya kira jikansa ya ba shi rediyon da memorin. Yaron ya duba yace Baba rediyo lafiyarta lau, irin waɗannan ba sa bin sunan fayil, suna bin yadda aka zuba su ne a memori, wanda ya juye ya kwaso su gaba ɗaya ya watsa, sai an goge an sake zubawa a jere. Ya zauna ya fi awa ɗaya yana zuba min su littafi bayan littafi, ya ga sunayen ya san ko menene, bai ce komai ba, Alhaji ma ya sani bai ce komai ba, kuma ko sisi ba su karɓa ba. Na karɓa na tafi, ko na gode ban iya faɗa da kyau ba saboda kunya ta riga ta shaƙe ni.

Toh wannan ku riƙe shi duk wanda zai sa Littafi Mai Tsarki ko karatu mai jere a irin wannan rediyo, a goge memorin tukuna, a zuba fayil a jere daga na farko zuwa na ƙarshe, kada a kwasa a zuba lokaci ɗaya. In an yi daidai lambar da ka danna ita za ta kai ka surar. Ni na rubuta nawa a bayan kwalin shayi na liƙa a bango, Ayuba yana farawa a 437, Zabura a 479, Matiyu a 930, Yakubu a 1147, yanzu har ɗana ya haddace wasu.

Kwana biyu bayan abin da ya faru a kasuwa, da dare yara sun yi barci, na sa Yakubu saboda gajere ne ina so in gwada ko lambobin can ƙarshe ma sun daidaita. Sura ta fari ta fara da maganar nan da na sani tun ina makarantar Lahadi, cewa mu ɗauke shi abin farin ciki in gwaji iri-iri ya same mu domin gwajin bangaskiya yana haifar da jimiri, a bar jimirin kuma ya gama aikinsa mu zama cikakku. Gaskiya da na ji wannan raina ɓaci ya yi, nace a zuciyata farin cikin me, shago ya tafi, waya ta tafi, ina kwana a ɗakin aro. Amma rediyo ba kamar littafi ba ne da za ka karanta aya biyu ka rufe, tana ci gaba da magana, sai ga aya 19 da 20, kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi, domin fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Na kashe ta. Na zauna a bakin gadon angareb cikin duhu na daɗe.

Abin da ya zo min a rai aikina ne. In aka kawo firji ba ya sanyi, gas ya zube, ba ka ganin ramin da ido, bututun yana nan sumul kamar lafiyayye. Sai ka ɗura masa iska da ƙarfi ka matse shi, ka shafa kumfar sabulu a kan kowace mahaɗa, ka tsaya ka zuba ido, inda yake yoyo nan kumfa za ta fara tashi. Matsin bai yi ramin ba, ramin yana nan tun da, matsin nuna shi kawai ya yi. Kuma mai gyara ba ya matsa bututu don ya fasa shi, yana yi ne don ya san inda zai sa wuta ya liƙe. Shekara nawa ina yin wannan da hannuna ban taɓa tunanin ni ma za a yi min ba. Na kasance ina cewa yaƙi ne ya mayar da ni mai faɗa, daren nan na yarda ba haka ba ne, faɗan nawa ne, yaƙi kumfar sabulu kawai ya shafa.

A nan ina so a fahimce ni da kyau domin na ji wasu masu wa'azi suna magana kamar Allah ya kunna wa ƙasa guda wuta don ya koya wa mutum ɗaya darasi, ni ban yarda da wannan ba kuma ba zan faɗa ba. Mutane sun mutu, miliyoyi sun bar gidajensu, na ga mata a makarantun Gadarif da aka mayar wurin kwanan 'yan gudun hijira waɗanda ba su san inda mazajensu suke ba, wannan muguntar mutane ce, kuma girman kai ne in ce duk don a gyara halina aka yi. Abin da na gaskata shi ne wanda Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa a ƙarshen Farawa, sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufi alheri a cikin abin, bai ce abin da suka yi daidai ne ba. Wahalar ta riga ta zo, ba ni na kira ta ba kuma ba ni da ikon korar ta, abin da ya rage a hannuna shi ne ko in bar Ubangiji ya taɓa wurin da ya nuna min ko in ci gaba da rufe shi da hannu ina cewa laifin wasu ne.

Washegari na koma kasuwa. Na tarar da Alhaji yana shan jabana, na durƙusa a gaban mutanen da na zage shi a gabansu nace Baba Alhaji na yi maka laifi, na ci mutuncinka ba ka yi min komai ba, ka yafe min don Allah. Ya kama hannuna ya ɗaga ni yace tashi ɗana, wanda ya baro gidansa da yara a hannu ba a riƙe shi da magana, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya sa aka kawo min shayi. Daga ranar duk wanda ya zo shagonsa yana neman mai gyaran firji ko fanka ni yake turo wa, rabin aikin da nake ci da iyalina yau ta hannunsa ya zo. Na dawo gida kuma na yi wanda ya fi wancan wuya, na roƙi maman yara gafara, na kira ɗana na zaunar da shi nace Baba ya yi kuskure da yake maka tsawa. Yaron bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, sai bayan kwanaki na lura ya daina fita in na shigo.

Kada wani ya ɗauka daga nan na zama wani mutum daban, a'a, har yanzu yana taso min, ko satin da ya wuce sai da na ciji leɓe a layin ruwa da mai karo ya tsallake ni ya ba wani. Bambancin kawai yanzu ina jin zuwansa, kuma ina da inda nake kai shi. Addu'ata ma ta canja, da kullum Ubangiji ka fitar da mu ka mayar min da abin da na rasa, har yanzu ina roƙon haka ban daina ba, amma na ƙara da cewa kada ka bar ni in fita daga wannan yadda na shiga.

Damina ta 2024 ita ce ta gwada rediyon ta gwada mu. Wanda ya san ƙasar Gadarif ya san baƙar lakar nan da ake noma dawa da riɗi a cikinta, in ruwa ya sauka takalmi ma sai ta cire maka, ga sauro, ga kwalara ta sake ɓarkewa a ƙasar a watan Agusta. Kwana uku huɗu ba rana sosai, sola ba ta cika, sai na riƙa kai batir shagon da nake aiki ina cajawa in an kawo wuta, a nan na ƙara gode wa Alhaji da ya zaɓa min mai batirin cirewa. Danshi kuma ya shiga maɓallan, lamba 5 ta daina aiki gaba ɗaya. Na buɗe ta da sukudireba na goge na gwada, robar ciki ce ta cinye, wayoyin ciki ma sirara ne ƙwarai liƙinsu ba mai yawa ba, wannan shi ne babban aibinta a wurina, ba a yi ta don danshi ba, ku riƙa sa ta a leda da damina.

A cikin wannan daminar ƙaramar 'yarmu ta kwanta, zazzaɓi da gudawa, jikinta ya saki kamar tsumma, muka kwana huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Dare na biyu maman yara tace Baban yara sa min Zabura 23. Zabura 23 lambarta 501, Zabura 91 da muke so mu ji ita ma 569, duka da 5 a ciki, maɓallin kuma ya mutu. Sai na danna 499 da niyyar in matsa gaba sau biyu, na matsa sau ɗaya yarinyar ta motsa na ajiye rediyon na riƙe ta, sai Zabura 22 ta fara, ya Allahna ya Allahna don me ka yashe ni, maganar da Yesu ya yi a kan gicciye. Na miƙa hannu zan wuce da ita maman yara ta riƙe min hannu tace bar shi. Muka ji ta duka, mai kuka dare da rana ba a amsa masa ba, wanda ƙarfinsa ya bushe kamar katangar fasasshiyar tukunya, har inda yace Allah bai raina wahalar mai wahala ba bai kuma ɓoye masa fuska ba, sannan ta shiga 23 da kanta, Ubangiji makiyayina ne. Na sha jin Zabura 23 tun ina yaro, a biki a jana'iza a ko'ina, ban taɓa jin ta kamar daren nan ba da ta biyo bayan 22. Maman yara tana kuka a hankali, wata mata a gadon kusa da ita ma take jinyar ɗanta, Bahausa ce 'yar Kasala, tace 'yar'uwa ƙara muryar kaɗan in ji. Yarinyar ta tashi, yanzu tana gudu tana ɓarna, mun gode wa Ubangiji. Amma na san akwai waɗanda suka shiga ɗakin nan da yara suka fita hannu wofi, kuma ba don sun fi mu rashin bangaskiya ba ne, shi ya sa ba na so in mayar da warkewarta kamar lada ce aka biya ni. Abin da na sani kawai a dare huɗun nan ban ɗaga wa kowa murya ba, ko ma'aikaciyar da ta daɗe ba ta zo ba, kuma wanda ya san ni a da ya san wannan ba daga gare ni ba ne.

Romawa 5 ma lambarta 1051, ita ma sai ta 1049 nake bi in ratsa sura 3 da 4 kafin in kai inda Bulus yake cewa wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya haifar da tabbataccen hali, halin kuma ya haifar da sa zuciya. Jerin nan na daɗe ina juya shi, hali yana tsakiya, ba a tsallake shi a kai ga sa zuciya, ni kuma da so nake in tashi daga wahala in faɗa cikin sa zuciya kai tsaye.

Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, Khartoum kuma a Maris, mutane sun fara komawa. Wani maƙwabcinmu na Haj Yusuf da ya je ya kira ni yace shagon ko ƙofa babu, har wayoyin bango an zare. Na yi shiru a waya, na ji zafin abin sosai ba zan ɓoye ba, kayan aikin shekaru ne. Na tambaye shi ko ya ga wani baƙin littafi mai zif, yace bai ga komai ba sai takardu a ƙasa. Ba mu yanke shawara ba tukuna ko Khartoum za mu koma ko gida Najeriya, muna addu'a a kai.

Ga mai son saya, rediyon ta cancanci kuɗinta, in da maki ake bayarwa zan ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda maɓallan da ba sa jure danshi da muryar nan mai tayar da yara. Ku nemi mai batirin cirewa, ku gwada kowane maɓalli tun a shago, ku sayi batir na biyu ku ajiye, eriyar kuma a riƙa janta a hankali don tawa ta karye daga tushe sai da na liƙe ta da dalma. Shagon Alhaji kuwa biyar cikin biyar, ba ya ƙara wa baƙo kuɗi, yana gaya maka aibin kaya kafin ka biya, in ka shiga layin masu kayan wuta ka tambayi Alhaji Bahaushe mai fitilun sola za a nuna maka. Kwanan baya ya ga ina fama da maɓallin 5 yace kawo in canja maka da sabuwa ka cika kaɗan, nace a'a Baba Alhaji wannan ta zauna, amma ka ajiye min guda ɗaya ƙarshen wata, matar nan 'yar Kasala da muka haɗu a asibiti mijinta ya ce suna son irinta don labarai da tocila, jikan Alhaji kuma ya ce zai zuba musu duk abin da suka kawo a jere.